Wuta a injin girbi: hoda, ruwa, ko na'ura mai feshi da kanta?

Alhaji Mamman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin a shiga girbi. Mun sayi babban injin girbi na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, irin wanda yake yanka ya sussuke ya sheƙe a tafiya ɗaya. Tukunyar kashe gobara guda ɗaya muka samu a cikinsa, 'yar ƙarama mai kilo 2, a bayan kujerar direba. Wani ya ce mini lallai in sa masa na'urar nan da take fesa magani da kanta a ɗakin inji idan wuta ta tashi. Wani kuma ya ce asarar kuɗi ce, manyan tukwane biyu sun wadatar. Waɗanda suka san aikin, wanne ne gaskiya?

Baba Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a ciki. Kafin mu je ga na'ura, wannan mai kilo 2 ka mayar da ita ƙaramar mota, can ne wurinta. Injin girbi yana ɗauke da ɗaruruwan litocin man gas, ga man haidirolik, ga tayoyi, ga bel-bel na roba, ga busasshen kara yana wucewa ta cikinsa tun safe har dare. Mafi ƙanƙanta shi ne tukunya mai kilo 4 da rabi a wurin direba, da mai kilo 9 a ƙasa, inda mutum zai tsaya da ƙafafunsa ya ciro ta ba sai ya hau tsani ba. Dukkansu na hoda, masu alamar ABC.

Sadiƙu:
Baba, ni ma abin da na sani ke nan. Hoda tana kashe kowace irin wuta, ta mai, ta lantarki, ta kara. Mene ne kuma na ƙarin kashe kuɗi?

Oga Haruna:
Ƙanena Sadiƙu, a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, kuma aikina na kwana-kwana ya nuna mini haka. Hoda tana kwantar da harshen wuta nan take, wannan gaskiya ne. Amma ba ta sanyaya abin da yake ci. Ka fesa ta a kan tarin ƙaiƙayin da ya maƙale a bayan salansa, harshen zai mutu, ka ga wurin ya yi fari fat, hankalinka ya kwanta. Can ƙasan tarin kuwa garwashi yana nan da ransa, ƙarfen da ya kunna shi ma bai huce ba. Bayan 'yan mintoci iska ta kaɗa, sai ka ga hayaƙi ya dawo, tukunyarka kuma ta riga ta ƙare. Mai kilo 9 ɗin da Baba ya ambata, idan ka danne hannunta ba ka saki ba, ba ta wuce daƙiƙa 20 zuwa 25. Duk abin da za ka yi da ita, a cikin wannan ɗan lokacin za ka yi shi.

Wutar ƙaiƙayi da kara ruwa take so. Ruwa ne yake ratsa tarin, ya jiƙa shi, ya kwashe zafin. Don haka ni a wajena hoda ita kaɗai ba ta isa ba, ruwa shi kaɗai ma bai isa ba. Hoda don mai da wayoyi, ruwa don ƙaiƙayi da kuma bin bayan hoda.

Sadiƙu:
To amma Oga, ai an ce kada a zuba ruwa a wutar inji.

Oga Haruna:
Abin da aka hana shi ne watsa ruwa da ƙarfi a kan man da yake ci, domin mai yana hawa kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara, wutar ta ƙara faɗi. Idan ka ga baƙin hayaƙi mai kauri da harshen wuta yana ɗiga ƙasa, wannan mai ne ko roba, hoda ko kumfa za ka fara da shi. Idan kuwa farin hayaƙi ne yana tasowa a hankali daga lungu, ga ƙauri irin na ciyawa, ruwa za ka nufa. Kuma batirin inji ba wutar gida ba ce, bolt 12 ne ko 24, ba zai ja ka ta cikin ruwa ba. Haɗarinsa shi ne wayar da ta goge tana ci gaba da tartsatsi muddin ba a katse batirin ba.

Injiniya Bashir:
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in taɓa tambayarka ta asali, sannan in faɗi inda nake ganin kuɗinka zai fi amfani.

Binciken da aka yi a Amurka kan gobarar injunan girbi ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu daga wajen inji suke farawa. Dalilin a bayyane yake. Bututun da hayaƙi yake fita daga inji da turbo, wato na'urar da hayaƙin yake juyawa tana cusa wa inji iska, suna iya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas idan inji yana jan kaya. Sababbin injuna masu matatar hayaƙi, wadda ake kira DPF, suna kai kusan digiri 600 lokacin da matatar take ƙone baƙin da ta tara. Ƙurar amfanin gona kuwa ba ta buƙatar kusa da wannan zafin kafin ta fara ci. Fankar lagireto tana zuƙo iska mai ƙura tana watsa ta a kan waɗannan ƙarafa. Wata ƙurar ta zauna ta yi tudu, ta fara cin ciki, sai fankar ta ɗauki garwashin ta jefa shi wani lungu inda ƙaiƙayi ya haɗu da ɗigon mai. Shi ya sa sau da yawa inda ka ga wutar ba nan ta fara ba.

Na'ura mai feshi da kanta an yi ta ne domin wannan wurin. Akwai siririn tiyo ko waya mai jin zafi da ake zagaya ɗakin inji da ita. Idan zafi ya kai wani mataki sai ta narke ko ta fashe, tukunyar ta buɗe, magani ya fito ta bakunan da aka kafa a saman turbo, da famfon mai, da sitata. Wasu hoda suke fesawa, wasu kumfa, wasu ruwa mai laushi kamar hazo. Amfaninta babba shi ne tana ganin abin da direba ba ya gani, tunda a manyan injuna inji yana baya, can bayan rumbun hatsi, direba kuma idonsa yana kan bakin yanka.

Amma fa sau ɗaya take harbawa. Kuma ɗakin inji kaɗai take tsaro. Boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda take juyawa a cikinsa) da ya mutu a wurin yankan kara na baya, ko bel ɗin da yake zamewa a gefe, ba ruwanta da su. Sannan idan ba a haɗa ta yadda za ta kashe inji ko ta yi wa direba ƙara ya kashe ba, fanka za ta kwashe rabin maganin ta fitar waje. Don haka idan kana da hali ka sa, ba asara ba ce. Idan kuwa kuɗin bai kai a yi komai ba, tankin ruwa da famfo a bakin gona da injin busa iska su ne a gaba.

Alhaji Mamman:
Na gode Injiniya. Wato dai ba ta maye gurbin tukwane.

Injiniya Bashir:
Ko kusa, Alhaji. Ƙari ce a kansu.

Hajiya Rabi:
Ni ina da magana a kan tukwanen nan da kowa yake ambata. Ina da injuna biyu da ake haya, kuma abin da ya fi damuna shi ne tukunyar da take rataye shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta. Girgizar inji tana danƙare hodar a gindin tukunya har ta koma dunƙule. Allurar tana kan kore, kowa ya ɗauka lafiya lau, ranar da aka matsa sai iska ta fito da 'yar hoda kaɗan. Yanzu dokata ita ce duk mako a ciro ta, a kifa ta, a bubbuga gindinta da tafin hannu, mutum ya kara kunnensa ya ji hodar tana zubowa. In bai ji ba, a kai ta a duba. Kuma duk wadda aka ɗan fesa, ko sau ɗaya ne, ta tashi daga aiki sai an sake cika ta, domin hoda tana maƙalewa a bakin bawul, iskar ta riƙa sulalewa a hankali har ta ƙare.

Baba Ɗanlami:
Hajiya ta faɗi gaskiya. A duba bakin tiyon ma, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki.

Amma ni duk wannan zancen kashewa ne. Wanda ya daɗe a kan sitiyari ya san hanci ne yake fara kama wuta kafin ido. Ƙaurin bel daban, na waya daban, na giris ɗin da ya ƙone a boris daban. Direban da ya rufe gilashi ya kunna sanyi ya ƙure rediyo ba zai ji komai ba sai mai tarakta ya zo yana ɗaga masa hannu. Ni duk lokacin da na tsaya juye hatsi nakan buɗe ƙofa in shaƙi iska. In na sami sarari in sauka in zagaya.

Sadiƙu:
Baba, ai shi ya sa ake ɗaura sarƙa tana jan ƙasa. Ogana ya ce wutar da take taruwa a jikin inji saboda gogayya da busasshen kara ita ce take haddasa yawancin gobarar, sarƙar kuma tana sauke ta ƙasa.

Injiniya Bashir:
Sadiƙu, wannan magana ta yaɗu sosai, amma ba ta da ƙarfi. Gaskiya ne jikin inji yana tara irin wannan caji a ranar da iska ta bushe, har ya ɗan ja ka in ka taɓa tsani. Sai dai masu bincike a Ostareliya, inda gobarar injin girbi take addabar manoma duk shekara, sun duba lamarin, kuma abin da suka gano shi ne tartsatsin ba shi da ƙarfin da zai kunna ƙurar amfanin gona a yanayin aiki. Abin da cajin yake yi shi ne ya sa ƙura ta manne a jikin ƙarfe da gilashi. Sarƙar ba ta cutar da komai idan ba a ƙasa mai duwatsu ba ce, inda ita kanta za ta iya ƙyasta wuta. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ɗaura sarƙa ya ga ya gama rigakafi, ya bar tudun ƙaiƙayi a kan inji.

Sadiƙu:
To ni dai tunda muka ɗaura ba mu ga wuta ba.

Hajiya Rabi:
Ɗana, kuna busa injin kullum?

Sadiƙu:
Sau biyu a rana, Hajiya. Oga ba ya wasa da wannan.

Hajiya Rabi:
To ka gode wa Allah, ka gode wa busar.

Injiniya Bashir:
Tunda an zo kan busa, akwai abin lura. Yawan busa ya danganta da abin da ake girba. Alkama da shinkafa suna da ƙura, amma dangin wake da sanfulawa sun fi su haɗari, ƙurarsu ta fi laushi, ta fi mannewa, kuma ta fi saurin kamawa. A irin waɗannan, wasu duk juye ɗaya ko biyu suke tsayawa su busa wajen salansa. Sannan kada a taɓa nufar wurin da ake zargin yana cin ciki da iskar kwamfiresa. Hura wuta ke nan. In ka ji ƙauri, ajiye bututun iska, ɗauko ruwa.

Boris kuma a nemi ɗan ma'aunin zafin nan mai kamar bindiga, wanda ake haska shi daga nesa. A bar inji ya yi aiki ya ɗau zafi, a kashe, a bi boris ɗaya bayan ɗaya ana aunawa ana rubutawa. Ba wai wata lamba ake nema ba. Kwatantawa ake yi: na hagu da na dama a kan sanda ɗaya, na yau da na jiya. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai ya kusa mutuwa, a canza shi kafin ya yi ja. Na taɓa cire wani da ƙwallayensa suka narke suka zama shuɗi, kejin ya watse, karan da ya naɗe a sandar ya koma gawayi. Mai injin ya ce kwana biyu yana jin ƙara, yana cewa bari a gama wannan gonar.

Alhaji Mamman:
Allah ya kiyaye. To idan abin ya riga ya faru fa? Direbana yaro ne, ina so in ba shi umarni guda wanda ba zai rikice ba. Ya kashe inji nan take, ko ya fitar da shi daga cikin amfanin gona tukuna?

Baba Ɗanlami:
Ya fitar da shi. In ya tsaya a tsakiyar alkamar da ba a yanka ba, inji ya tafi, gona ta tafi, ta maƙwabci ma ta bi. Ya ja da baya zuwa inda aka riga aka yanke, ko fili, ya juya hancin injin ya fuskanci iska, don harshen wuta da hayaƙi su yi baya, su bar ɗakin direba da tsani.

Oga Haruna:
Baba, da girmanka, a nan zan ɗan saɓa maka. Muddin inji yana aiki, fanka tana hura wutar, famfo yana tura mai. Man haidirolik yana tafiya da matsin da ya kai wajen bar 200. Idan tiyo ya fashe kusa da turbo, man ba ɗiga yake ba, feshi yake, kuma kowace daƙiƙa da inji ya ƙara yana ƙara wa wutar abinci. A irin wannan hali tafiyar mita 50 tana iya zama bambanci tsakanin wutar da tukunya za ta kashe da wadda sai dai a tsaya a kalla. Kuma inji mai ci yana tafiya yana zubar da garwashi a bayansa, ya shimfiɗa layin wuta a gona.

Baba Ɗanlami:
Haruna, ban ce ya yi yawo da shi ba. Ai inda aka yanke yana bayansa ko gefensa, tsawon inji ɗaya ko biyu ne.

Oga Haruna:
In haka ne mun kusa haɗuwa. Ga yadda zan faɗa wa yaron, Alhaji. In hayaƙi ya gani ko ƙauri ya ji, ya daina yanka, ya ja zuwa inda aka yanke mafi kusa, ya kashe. In harshen wuta ya gani, ko ƙararrawar mai ta yi kuka tare da hayaƙi, ya kashe a inda yake, ya ɗauki tukunya ya sauka. Da ya taka ƙasa ya kira taimako kafin ya fara faɗa da wutar, ba bayan tukunya ta ƙare ba. Sai ya murɗe makunnin batir in zai iya kai hannu ba tare da ya shiga hayaƙi ba. Ya tsaya iska tana bayansa, kamar mita 2 zuwa 3, ya nufi gindin wutar, yana fesawa kaɗan-kaɗan yana kaɗa hannu hagu da dama.

Abu uku kuma ya haramta wa kansa. Kada ya wangale murfin da hayaƙi yake fitowa ta bayansa, ya ɗan ɗaga kaɗan ya zura bakin tiyo, domin iskar da za ta shiga tana iya tayar da wutar a fuskarsa. Kada ya shiga rumbun hatsi ko ya hau saman inji yana ci. Kuma in wuta ta kai tayoyi ko tankin mai, ya bar wurin ya yi nisa. Tayar da ta ɗau zafi tana iya fashewa ko bayan wutar ta mutu, kuma ƙarfinta yana kisa. Inji ana sayen wani.

Injiniya Bashir:
Ƙari kan maganar fuskantar iska: wannan na manyan injuna ne masu inji a baya. Ƙananan nan na shinkafa masu tafiya a kan sarƙar roba, injinsu yana ƙarƙashin kujerar direba ko dab da ita. Wanda yake kan irin wannan ba shi da lokacin juya hanci, kashewa da sauka kawai.

Hajiya Rabi:
Ni abin da ya taɓa cetona ba tukunya ba ce, tarakta ce. Garwashi ya faɗo daga bayan inji ya kama karan da aka yanke, direba bai ma sani ba, yana can gaba. Da yake akwai tarakta da haro a ɗaure a bakin gona, yaron ya zagaya gaban wutar ya yi layi biyu, ya juye ƙasa, wutar ta zo ta tsaya. Tun daga nan ba a fara mini girbi sai haro yana ɗaure, tankin ruwa yana cike, an tayar da famfonsa an ga yana aiki a safiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma daga ɓangaren da iska take nufa muke fara yanka, yadda in wuta ta tashi iska za ta kora ta zuwa inda aka riga aka kwashe, ba cikin amfanin da yake tsaye ba.

Sadiƙu:
Hajiya, idan iska ta yi ƙarfi da rana fa? Mu ba ma tsayawa, saboda masu gona suna layi.

Hajiya Rabi:
Nawa suna tsayawa. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya kai ƙarshe, kara ya bushe ƙayau, in iska ta taso da ƙarfi, a kashe a jira. Mai gona zai yi fushi, amma gonarsa ce za ta fara ci.

Injiniya Bashir:
A Yammacin Ostareliya ma ba a bar wa mai inji zaɓi ba. Ƙananan hukumomi suna da ikon sanar da dakatar da girbi a ranar da zafi da iska suka yi tsanani, kowa ya tsaya har a ɗage.

Alhaji Mamman:
Na fahimta. Zan fara da tukwane biyu na hoda, da ta ruwa guda, da tanki da famfo, da injin busa. Na'urar kuma zan nemi wanda ya iya haɗa ta da makashin inji. Tambaya ta ƙarshe: da dare a ina ake ajiye shi? Muna da rumfa kusa da ma'ajiyar hatsi.

Baba Ɗanlami:
Kada ka shigar da shi rumfa da zafinsa, Alhaji. Garwashin da ya ɓuya a ƙaiƙayi yana iya yin sa'o'i yana ci kafin ya nuna kansa, kuma injuna da yawa cikin dare suka ƙone ba kowa a kusa. A bar inji ya yi 'yan mintoci yana aiki a hankali turbo ya huce, a kashe a fili mai ƙasa tsirara, nesa da gini da tankin mai da sauran injuna. A zagaya da tocila ana shinshinawa. In ba ƙauri, a busa shi tas a daren, kada a bari sai safe, raɓa tana sa ƙura ta danƙare. A juye hatsin da ya rage a rumbu, a katse batir. Sannan wani ya sake dawowa bayan kamar awa guda ya duba.

Oga Haruna:
Kuma in an yi walda a jikinsa, ko da rana ne, haka za a yi masa. A share wurin kafin a fara, a jiƙa kewaye, tukunya tana kusa, kuma kada a koma cikin gona da shi sai an zauna an ga ba abin da yake hayaƙi.

Injiniya Bashir:
Tunda na hannu ne Alhaji, kafin ranar farko a sa mai wayarin ya bi wayoyin tun daga batir har sitata da alfaneta. Ɓeraye suna cin rigar waya a lokacin da inji yake ajiye, kuma babbar wayar da take zuwa sitata yawanci ba ta da fiyus, in ta goge a jikin ƙarfe ba abin da zai katse ta. Duk fiyus ɗin da aka tarar an naɗe da waya a cire a sa na gaskiya mai lambar da ta dace. Tiyon haidirolik kuma in ana neman inda yake yoyo, da kwali ake nema, ba da hannu ba, domin man yana iya huda fata ya shiga jiki.